Takalmi a Kan Layi

Ni ce na sa aka sallami Usur daga aiki. Ba tsautsayi ba ne, ba kuma kuskure ba. Wata huɗu cur na yi ina neman hanyar da zan ga bayansa, har na samu.

Usur shi ne mai kula da filin wasan rukunin gidajenmu. Benaye shida ne suka zagaye filin. A tsakiya akwai ciyawa, da lilo biyu, da wani ƙarfe da yara ke hawa su sulalo, sai tafkin ninkaya a can ƙarshe, an kewaye shi da shingen waya mai ƙofa ɗaya. Ɗakin da nake ɗinki yana hawa na biyu, tagarsa tana kallon filin kai tsaye, don haka ko ban so ba sai na gan shi. Dattijo ne gajere mai faɗin ƙirji, kansa fari fat, wai tsohon ma'aikacin kwana-kwana ne. Sunansa na gaskiya yana cikin takardun kwamitin unguwa, amma ban taɓa jin wanda ya kira shi da shi ba. Abin da ke rataye a wuyansa shi ya zame masa suna, tun da ya fi magana da shi a kan bakinsa.

A ƙofar filin akwai allon dokoki. Kwamiti ne ya rubuta guda goma, irin waɗanda kowa ya sani: kada a zubar da shara sai a kwando, kada a shigo da kwalba, kada a tsaya a kan lilo, kada a yi gudu a bakin ruwa, ƙananan yara kada su ƙetare igiyar da ta raba wurin zurfi. Kafin zuwansa allon nan ado ne kawai, har shanya ake yi a kansa. Da ya zo sai ya wanke shi, sannan ya ƙara doka ta goma sha ɗaya da hannunsa, da jan fenti, rubutun a karkace: TAKALMI A KAN LAYI.

Ya ja wani farin layi a kan simintin bakin tafkin, daga wannan kusurwa zuwa waccan. Duk yaron da zai shiga ruwa sai ya jera takalminsa a kai, ƙafa biyu a haɗe. Kowane kwata na awa sai ya yi busa ɗaya doguwa, kowa ya fito ya tsaya a bayan takalminsa, ruwa na ɗiga, haƙora na kaɗawa. Shi kuma ya bi layin yana kallon ƙasa, ko fuskar yaran ba ya dubawa. In ya kai ƙarshe sai ya yi busa biyu gajeru, su koma. Mu iyaye muna zaune a kan benci a wajen shinge muna kallon yadda ake yi wa 'ya'yanmu fareti.

Wannan duk da sauƙi. Abin da ya haɗa ni da shi ledar ruwa ce.

Ranar wata Laraba da yamma na dawo daga kasuwa, ƙunshin yadi a hammata, Auta tana riƙe da gefen zanena. Auta ita ce 'yata ta ƙarshe, shekararta shida, yayyenta biyu suna makarantar kwana. Ƙishi ya dame ni, na sha ruwa, na matse ledar na sake ta a kan ciyawa. Ban musa ba, na sake ta. Hannuna biyu ne, kuma kwandon shara yana can wajen lilo.

Ban yi taku uku ba na ji usur a bayana, irin ƙarar da ke shiga har cikin haƙori.

"Ke! Mai ɗinki!"

Na juyo. Yana tsaye, ya nuna ledar da yatsa.

"Ɗauki."

"Malam, da ni kake?"

"Akwai wata mai ɗinkin a nan bayan ke? Ɗauki ki kai kwando. Iska za ta kai ta ruwa, ta toshe mini magudana."

Mata sun kai takwas a kan benci, duk sun zuba mana ido. Uku daga cikinsu kayansu suna hannuna, har da matar Ciyaman, shugaban kwamiti.

Na ce, "To ai aikinka ne. Don me aka ɗauke ka in ba don ka share ba?"

"An ɗauke ni in kula da fili. Ba a ɗauke ni in bi bayan manyan mata ina kwashe musu ƙazanta ba."

Auta, baiwar Allah, da ta ga abin zai yi tsawo sai ta duƙa ta ɗauki ledar. Da ya bar ta, da magana ta wuce. Amma ina! Sai ya ce, "Ajiye, yarinya. Ba ke kika yar ba. Wadda ta yar ita za ta ɗauka."

Ta ajiye. 'Yar da na haifa ta ajiye, saboda shi ya ce. Ni kuwa na sunkuya, yadin mutane yana zamewa daga hammatata, na ɗauki ledar na taka har wajen lilo. Wata ta yi dariya a bayana, ƙasa-ƙasa, kuma na san muryar. Tun daga wannan taku nake ƙin mutumin nan, ƙiyayya ta gaske, wadda nake kwana da ita in tashi da ita.

Da na ba maigidana labari sai ya ce, "Amma dai kin yar ɗin, ko?"

Ban ƙara kai masa zancen ba.

Bayan sati biyu maigidana ya kawo wa Auta sabon takalmi ja mai maɗauri. Ranar farko da ta sa shi zuwa tafki, yara suka yi ta ɗiga masa ruwa a kan layin nan, rana ta bi ta gasa shi, ya dawo gida duk ya yi dabbare-dabbare. Washegari na sauka da shi a hannu. Na tarar da Usur yana tsamo ganye daga ruwa da ragarsa mai doguwar sanda.

Na ce, "Dubi aikinka. Me zai hana takalmi ya zauna a hannun uwa? In lissafin yara kake so, ƙirga kawunansu mana. Ko ba a koya muku ƙirga ba a kwana-kwanan?"

Bai daina tsamo ganyensa ba. Ya ce, "Kai yana motsi. Ya nutse, ya ɓullo can, ki ƙirga shi sau biyu. Takalmi ba ya motsi. In na ga takalmi babu ƙafa a bayansa, na san akwai wanda bai fito ba."

"To wannan da ya lalace fa?"

"Ki sa mata silifas."

Ya juya mini baya. Ni, a ce mini in sa wa 'yata silifas, kuma a juya mini baya.

Mai ɗinki ba ta buƙatar yawo gida-gida, gidajen ne ke zuwa wajenta. Na samo takarda na rubuta ƙorafi zuwa ga kwamiti: mutumin nan ba ya ganin girman kowa, yana tsorata yara, yana tsayar da su cikin sanyi, ya ƙago doka ba da izinin kowa ba. Na ajiye ta a gefen keken ɗinki, biro a kai. Duk macen da ta zo awo, sai na zagaya tef a ƙugunta, hannuwanta a sama, sannan in ɗauko zancen. A wannan tsayuwar ba mai iya ce miki a'a. Kuma gaskiya ban sha wahala ba, don kusan kowa yana da nasa tabon. Wata ya ƙwace wa ɗanta kwalbar lemo. Wata ya hana 'yarta lilo kwana uku don ta tsaya a kai. Wani maƙwabcinmu, babban mutum da furfura, ya sa shi ya tsince guntayen sigarinsa ɗaya bayan ɗaya.

Babbar mataimakiyata ita ce Maman 'Yan Biyu, wadda ƙofarta ke kallon tawa. Ita ce ta yi dariyar nan ranar leda, amma na yafe mata don bakinta ya fi almakashina kaifi, kuma ina buƙatarsa. Ita ta riƙa kai takardar wajen mazan da ba sa zuwa ɗinki. Cikin wata uku muka tara sa hannu arba'in da bakwai.

Aka kira taro a ɗakin da ke ƙasan bene na ɗaya, mai kujerun roba da fanka ɗaya da ba ta juyawa. Ciyaman mutum ne mai son a rabu lafiya, da gani ba ya son korar kowa. Ya karanta takardar, ya cire tabarau, ya dubi Usur da ke tsaye a bakin ƙofa.

"Malam, abin ba mai tsawo ba ne. Ka ba mutane haƙuri, ka goge dokar nan ta goma sha ɗaya, shi ke nan a wuce wurin."

Usur ya ce, "Haƙuri zan iya bayarwa, ranka ya daɗe, ko ban san laifina ba. Layi kuwa yana nan muddin mabuɗin ƙofar tafkin yana hannuna."

Gabana ya faɗi, don na ga wasu sun fara gyaɗa kai. Amma mutumin nan bai san inda ake tsayawa ba. Ya nuna takardar da haɓa ya ce, "Kuma rabin waɗanda suka sa hannu a nan, in sun kawo 'ya'yansu ruwa, waya suke kallo. In na ce su faɗi kalar wandon da ɗansu ya shiga da shi, ba su sani ba."

Ɗaki ya kaure. Maman 'Yan Biyu ta miƙe tana tafa hannu tana cewa a ji, a ji, yanzu kuma mu ne ba mu iya tarbiyya ba. Ni kuwa na harɗe hannu ina jin daɗi har cikin raina. Da hayaniya ta lafa, Ciyaman ya yanke: Asabar ta ƙarshen wata ita ce ranar Usur ta ƙarshe, ranar Litinin kuma a shafe layin da fenti.

Da muka fito Usur ya wuce ta gabana, bai ko kalle ni ba. Wannan ya fi komai ci mini rai. Na yi wata huɗu ina yaƙi da mutum, na kayar da shi, amma ya hana ni ko kallo ɗaya.

Shi ya sa na shirya masa sallama.

Asabar ɗin an yi zafi, tafki ya cika fal, yara sun fi talatin. Na sauko da Auta wajen ƙarfe huɗu, ta sa jan takalminta. Na tsaya a bakin shinge har na ga Usur ya tafi can ƙarshen tafkin, ya durƙusa yana zaro wata leda daga magudana, ya ba mu baya. Sai na kwance wa Auta takalmin, na jefa shi cikin jakata, na tura ta ciki.

Ta ce, "Mama, layi fa?"

"Yau babu layi. Shiga abinki."

"Baba Usur zai yi faɗa."

"In ya yi faɗa ina nan."

Ta dubi layin, sannan ta ruga ta shige cikin yara. Na koma benci na zauna kusa da Maman 'Yan Biyu, na buɗe mata bakin jakar ta leƙa. Ta rufe baki tana ƙyalƙyala dariya. Shirin a bayyane yake: in ya busa, kowa zai tsaya a bayan takalminsa, Auta kuwa za ta tsaya ƙafa tsirara. Zai yi tsawa, ni kuma in miƙe a gaban kowa in ce masa, to sai ka kore ta mu gani, kai da aka kora. Na yi kwana uku ina gyara maganar nan a bakina.

Muka shiga hira. Ta nuna mini hoton wani ɗinki a wayarta, tana so in yi mata irinsa, muka yi ta gardama a kan hannun rigar, ko yadi huɗu zai isa. Ban san tsawon lokacin da muka ɗauka ba.

Sai busa ta tashi, doguwa.

Na gyara zama, na gyara ɗankwali. Yara suka yi ta fitowa, wasu ta tsani, wasu suna ɗafa baki suna hayewa. Suka jeru a bayan takalmansu. Usur ya fara bin layin daga can ƙarshe, kansa a ƙasa kamar kullum. Ni kuma idona yana bin yaran ɗaya bayan ɗaya, ina neman 'yar ƙaramar da ba ta da wurin tsayawa.

Na kai ƙarshen layi ban gan ta ba. Na sake farowa. Ga 'yan biyu, ga 'yar matar Ciyaman, ga wata mai riga irin tata amma ba ita ba ce. Na dubi ruwan. Daga inda nake zaune ya kwanta lumui, ba kowa a ciki, sai dai ba na ganin gefen da ke kusa da mu, bakin simintin ya tare.

Usur ya kai ƙarshen layinsa. Kowane takalmi da ƙafa a bayansa. Lissafinsa ya cika, ba abin da ya rage masa sai ya mayar da yara talatin cikin ruwan nan. Na ga ya ɗaga usur ɗin zuwa baki.

Na miƙe. Na buɗe baki in kira sunanta, ko in kira shi, amma ba abin da ya fito. Ban san lokacin da hannuna ya shiga jaka ba. Na dai ga na ɗaga jan takalmin nan sama, ƙafa biyu, ta saman shinge.

Ya gani. A karo na farko cikin wata huɗu ya kalle ni sosai, amma kallon bai daɗe ba. Ya dubi takalmin, ya dubi ƙasa kusa da ni inda ya kamata a ce yarinya tana tsaye. Bai tambaye ni komai ba. Ya tofar da usur ɗin, ya ruga a guje a kan simintin da shi da kansa ya hana gudu a kai, yana duban cikin ruwa, ya ƙetare igiya, sai kawai ya faɗa da kayansa da takalminsa.

A ƙarƙashin tsanin wurin zurfi ya same ta, a kusurwar da ba a gani daga benci. Daga baya yara suka ce ƙwallo ta bi ta ƙarƙashin igiya, dab da busa. Ya fito da ita a kafaɗa, hannuwanta suna reto. Ya shimfiɗe ta a kan simintin, daidai kan farin layin. Leɓɓanta sun canza kala. Ban san yadda na shiga ƙofar ba, na dai ji kaina a durƙushe ina jan ƙafarta ina kiran sunanta.

"Matsa!" ya daka mini tsawa. "Ku janye matar nan!"

Aka janye ni. Ya hura mata iska a baki, ya shiga danna ƙirjinta da hannu ɗaya yana ƙirgawa a fili, ya sake hurawa, ya sake dannawa. Filin nan da ba ya rabo da ihu ya yi shiru, ba ka jin komai sai ƙirgarsa da ɗigar ruwa daga rigarsa. Ina tsaye, mata biyu sun riƙe ni, takalmin yana hannuna har lokacin. Na roƙi Allah abin da ban taɓa roƙonsa ba, na ce ya ɗauke ni ya bar ta.

A zagaye na huɗu ta yi wani irin tari, ruwa ya bulbulo ta baki da hanci. Ya juya ta gefe. Ta ja numfashi, ta sake ja, sannan ta fashe da kuka. Ban taɓa jin abu mai daɗin kukan nan ba.

Ya zauna daɓas a kan simintin yana haki. Ya ce wa wani mai mota ya kai ta asibiti yanzu-yanzu a duba ƙirjinta, ko da ta ce lafiyarta ƙalau. Sannan ya ɗago ya dube ni, a gaban kowa.

"Ina takalmin yake tun ɗazu?"

Na ƙara ƙanƙame takalmin.

"Tambayarki nake, mai ɗinki. Ina yake?"

"A jakata."

"Mantuwa kika yi?"

Da na ce e, da wataƙila an yarda. Maman 'Yan Biyu tana gefena, ta sunkuyar da kai. Na ce, "A'a. Da gangan ne."

Bai zage ni ba. Da ma ya zage ni. Ya tashi, ya sa usur ɗinsa a baki, ya busa sau uku, ya ce kowa ya sa takalminsa ya fita, an rufe. Ya sa wa ƙofar kwaɗo.

Kwana ɗaya Auta ta yi a asibiti aka sallame mu. Maigidana bai yi mini faɗa ba, bai kuma yi mini magana ba, sai abin da ya zama dole. Ranar Lahadi da hantsi na je wajen Ciyaman na ce a janye takardar. Ya ce ai shi tun jiya ya roƙi mutumin ya zauna, ya ƙi, sai dai ko in na je da kaina.

Na sami Usur a ɗan ɗakin ajiya da ke bayan tafkin. Ya jera raga, da bokitai, da robobin maganin ruwa a jikin bango, ya rataye mabuɗai a ƙusa, yana cusa jiƙaƙƙen takalminsa a leda. Na yi sallama, ya amsa bai juyo ba. Na durƙusa a bakin ƙofa.

"Baba, na zo in yi godiya, in kuma ba ka haƙuri."

"Yau kuma na zama Baba? Ya jikin yarinyar?"

"Da sauƙi. Tana ta tambayarka."

"To madalla. Godiyarki kuwa riƙe abarki, ba don ke na yi ba."

"Na sani. Don Allah ka zauna. Ni na tara hannun nan, ni zan bi gida-gida in warware. Ko a gaban taro kake so in durƙusa, zan yi."

Sai a lokacin ya juyo. Idanunsa sun yi ja, kamar bai runtsa ba.

"Ke har yanzu kina ganin maganar ni da ke ce. Shekara goma sha tara ina aiki da layin nan, a wurare uku, bai taɓa yi mini ƙarya ba. Jiya ya ce mini kowa ya fito, alhali yarinya tana ƙasan ruwa. Da kin ƙara minti ɗaya kina gyara ɗankwali, da na tura mata yara talatin a kai. Yanzu duk unguwar nan an san ana iya ɓoye mini takalmi. In na bi layi na ga ya cika, ta yaya zan yarda da shi? Gobe wata za ta ji haushina ta yi irin naki, kuma ba kowa ce za ta ɗaga mini in gani ba."

"Wallahi ba mai ƙarawa."

"Ke ma da an tambaye ki shekaranjiya, haka za ki ce." Ya ɗaure bakin ledarsa. "Tashi ki ba ni hanya."

Na tashi na ba shi hanya. Ya bi ta tsakiyar filin, ya tsaya wajen lilo ya tsinci wata takardar alewa ya jefa a kwando, ya fita. Ban sake ganinsa ba.

Ranar Litinin mai fenti ya zo, don ba wanda ya tuna ya ce masa kada ya zo. Ina kallo ta taga ya shafe layin, ya shafe doka ta goma sha ɗaya. Aka kawo sabon mai kula da fili, mutumin kirki mai fara'a, yana gaida kowa, kowa yana yabonsa. Yana zama a kan kujera a inuwa, lokaci-lokaci ya ɗaga kai ya ƙirga kawuna da yatsa. Na taɓa ƙirgawa tare da shi daga taga. Shi ya samu ashirin da biyu, ni na samu ashirin da huɗu, na sake na samu ashirin da ɗaya.

Tun daga ranar, kullum kafin a buɗe ƙofar tafki nake sauka da allin da nake zana yadi, in durƙusa in ja layi daga wannan kusurwa zuwa waccan. Alli ba fenti ba ne, kafin awa ɗaya ƙafafu sun wanke shi, sai in sake ja. Ba ni da usur, murya nake buɗewa. Wasu yaran suna jera takalmansu, wasu su yi mini gwalo su faɗa ruwa. Iyayensu kuwa sun ce wa ya naɗa ni, ni da na kusa kashe tawa. Akwai ranakun da takalmin Auta ne kaɗai a kan layin, ita da ba ta ƙara yarda ta shiga ruwa ba. Tana ajiye shi ta zauna a bayansa. Yaran sun fara kirana Usur, da farko a ɓoye, yanzu har a gaban idona.

Jiya Maman 'Yan Biyu ta shigo a yi mata awon rigar nan mai hannu. Ta ajiye jakarta a kan kujera, bakin a buɗe, gefen wata takarda ya leƙo. Ban buƙaci in zaro ta ba don in san ƙorafi ne a kaina, na san tsarin, ni na koya mata. Ina zagaya tef a ƙugunta ina ƙirga abin da ya fito fili, na samu sa hannu goma sha tara, na biyu na matar Ciyaman ne.

Ta ce, "Kin yi shiru yau."

Na ce, "Sauke hannunki, na gama."

Na rubuta ƙugu da tsawo a littafi, na dubi agogo. Saura minti goma a buɗe ƙofa. Na ɗauki allina na sauka.